Yarinyar Da Ta Tambayi Minista

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, na kasuwa da na gona, wannan mako mun ɗauko muku labari daga nesa, daga ƙasar Indiya, wadda yawancinmu ba mu san ta ba sai a majigi. Labarin wata yarinya ne mai suna Manu Bhaker, wadda sana'arta ita ce harbi da ƙaramar bindiga a wurin gasa. Mun sani wani zai ce, mu da mu ke fama da tsadar hatsi da kuɗin rumfa, ina ruwanmu da wata 'yar Indiya da bindigarta? To, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa na kusa da shi. Mu dai da muka bi labarin nan tun daga tushe, mun ga halayen da muka sani sarai a cikinsa, sunaye ne kaɗai suka bambanta.

ASALINTA

An haifi Manu ran 18 ga Fabrairu, 2002, a wani ƙauye da a ke kira Goriya, cikin gundumar Jhajjar ta Jihar Haryana, yamma da birnin Delhi. Jihar nan ta yi suna wajen noma da kokawa, amma ta yi wani suna kuma wanda ba na alheri ba. Da aka yi ƙidayar mutane a 2011, an tarar in aka ɗauki maza 1,000 mata 879 ne kaɗai ke gefensu, duk jihohin Indiya ba wadda ta kai ta ƙarancin mata. Dalili kuwa, mutane da yawa a can sun ɗauki haihuwar 'ya mace hasara ce, har a kan zubar da ciki in an gane mace ce ke tafe. A irin wannan ƙasa aka haifi yarinyar da mu ke magana a kanta.

Sa'ad da ta ke tasowa ubanta, Ram Kishan Bhaker, yana aikin babban injiniya a jiragen ruwa na fatauci, uwarta kuwa tana shugabancin makaranta. Watau dai ba 'yar fakirai ba ce, ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Tun tana ƙarama ba ta zama wuri ɗaya. Ta yi dambe, ta yi wasan tanis, ta taɓa wannan ta taɓa wancan, har ta kai shekara 14, a 2016, sa'an nan ta gwada harbi a wurin koyo da ke makarantarsu. Ba a daɗe ba ta ce wa uban ya saya mata bindiga tata ta kanta. Ya saya, a kan kuɗi wajen rupi 150,000.

Kada wani ya ji an ce bindiga ya tuna da irin wadda ta hana mutanenmu barci a ƙauyuka da hanyoyi. Wannan ba ta cin albarushi. Iska ce a ke matsawa a cikinta, ita ke tura 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, kamar dai ƙwayar dawa. Abin bara kuwa ɗan allo ne mai zobe goma, wani cikin wani, an kafa shi nisan mita 10, na'ura ke faɗin inda ƙwaya ta sauka. Zoben tsakiya mai ba da maki 10 faɗinsa milimita 11.5, bai fi ƙwayar gurjiya ba. A tsaye a ke harbin, da hannu ɗaya, ba jingina ba madogari. A zagayen farko harbi 60 za a yi cikin minti 75, mutum 8 da suka fi maki su shiga zagayen ƙarshe, inda a ke fid da na baya ɗaya bayan ɗaya har a bar gwani shi kaɗai. A nan ko wane maki sai an raba shi kashi goma, domin sau da yawa abin da ke tsakanin na ɗaya da na biyu bai kai kaurin zare ba.

Masu awo a kasuwa sun fi kowa gane wuyar wannan aiki. Wanda ya taɓa ɗaga sikeli da hannu ɗaya, mai saye ya zuba masa ido, ya san yadda hannu ke rawa in zuciya ba ta kwanta ba. To, ku ƙiyasta mutum ya miƙe hannu da nauyin kusan kilo guda, ya ɗaga ya sauke har sau 60, alhali bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya kautar da ƙwaya daga goma ta koma takwas. Mai gaggawa ba ya cin wannan wasa, mai fushi ma haka.

Su ma mata ba da sauƙi aka bar su a cikinsa ba. Sai a 1984, a birnin Los Angeles, aka fara keɓe musu gasar harbi tasu a Wasannin Olimfik. A 1992, a Basalona, wata 'yar ƙasar Sin, Zhang Shan, ta shiga cikin maza a harbin faifan da a ke cillawa sama, ta doke su duka ta ɗauki zinariya, da aka komo wasannin 1996 kuwa ba a bar mace ta shiga wannan gasa ba. Har zuwa 2017 harbi 40 a ke ba mata a inda maza ke yin 60, sai a 2018 aka daidaita.

TASHINTA

Shekara ɗaya da 'yan watanni da fara koyo, a gasar ƙasa ta 2017 da aka yi a Jihar Kerala, Manu ta kwashe lambar zinariya 9, ta kuma doke Heena Sidhu, wadda a lokacin ita ce uwar ɗakin duk mata masu harbi da ƙaramar bindiga a Indiya. A watan Maris na 2018 ta tafi Guadalajara ta ƙasar Meksiko, ta ci zinariya a gasar duniya tana da shekara 16, a gaban 'yar ƙasar, Alejandra Zavala, wadda ta girme ta nesa. A watan Afrilu ta ci zinariya a Wasannin Ƙasashe Renon Ingila a Ostireliya da maki 240.9, abin da ba a taɓa kaiwa ba a wasannin. A watan Oktoba ta sake cin zinariya a Wasannin Olimfik na Matasa a Buenos Aires, ƙasar Ajantina. Daga nan ne fa labarin ya zama namu.

ALKAWARIN MINISTA

Nan da nan Ministan Wasanni na Jihar Haryana na lokacin, Anil Vij, ya hau Twitter ya yi shela cewa Gwamnatinsu za ta ba ta rupi miliyan 20, har ya haɗa da gori, wai Gwamnatocin da suka wuce miliyan 1 kaɗai su kan bayar. Jaridu suka buga, aka yi ta tafi, Minista ya sha yabo. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, sai aka fara jin ƙishin-ƙishin an taɓa ƙa'idar kyautar, kuɗin ya ragu da rabi. A farkon Janairu na 2019 yarinyar nan ta ɗauko hoton maganar Minista, ta liƙa a daidai inda ya yi ta, ta tambaye shi a gaban duniya ko maganar nan gaskiya ce, ko kuwa jumla ce kawai.

Kalmar nan ba baƙuwarmu ba ce, daga Larabci ta shiga bakinsu kamar yadda ta shiga namu. A wurinmu ɗan kasuwa ya san sayen jumla, ɗan makaranta ya san jimlar lissafi da ta magana. A Indiya kuwa 'yan siyasa sun ja mata wata ma'ana dabam. Jumla a can ita ce maganar nan mai daɗin ji da a ke yi ran neman ƙuri'a, wadda mai yin ta bai yi niyyar cikawa ba. Mu ma ai mun san irin wannan haja, a kan sauke mana ita jumla-jumla duk shekarar zaɓe, suna ne kawai ba mu sa mata ba.

Minista ya ji haushi ƙwarai. Ya ce da ta fara zuwa ofishin wasanni ta bincika kafin ta fito fili. Ya ce bai dace a kushe Gwamnatin da ta fi kowace ba da kyauta ba. Ya ce ya kamata ta nuna nadama, ta je ta mai da hankali ga wasanta. Amma a tsakiyar faɗan nan ya sake cewa za a ba ta miliyan 20 ɗin.

To, jama'a, mu tsaya nan mu auna. Ran da Minista ya yi alkawari, ya kira ta ofis ne ya raɗa mata a kunne? A'a. A bainar jama'a ya yi, domin jama'a su ji su yaba masa, su kuma zagi waɗanda suka riga shi hawa kujera. Ya riga ya karɓi nasa rabon, watau yabo, tun ran nan, lakadan. Da aka zo tambayar nata rabon, sai aka ce a bi ta ofis, a rufe ƙofa, a yi magana a hankali kada a ɓata sunan Gwamnati. Ko wane ɗan kasuwa ya san amsar wannan. Bashin da aka ci a tsakiyar kasuwa gaban shaidu, ba laifi ba ne a tambaye shi a tsakiyar kasuwa gaban shaidun nan. Wanda ba ya son a tuna masa a fili, sai ya biya tun ba a tambaya ba, ko kuwa ya kama bakinsa tun farko. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi ke saukewa.

Ku lura kuma da kalmar nan ta “ki mai da hankali ga wasanki”. Mun san ta. Ita ce a ke ce wa mai tebur, kai dai sayar da tumatirinka. Ita ce a ke ce wa manomi, kai dai riƙe fartanyarka, mulki ba naka ba ne. Ran da su ke son hoto da yarinyar ba su ce ta yi ƙanƙanta ba, sai ran da ta buɗe baki.

Gwamnatin jihar nan dai, a cikin 2018 ɗin, ta fid da wata takarda wadda ta ce 'yan wasan da ke cin albashinta su riƙa zuba sulusin abin da suka samu ta hanyar wasa da talla a asusun hukumar wasanni. Sai da 'yan wasa suka yi caa a kanta sa'an nan aka jingine takardar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A watan Fabrairu na 2021 kuma aka tare Manu a filin jirgin sama na Delhi, za ta Bhopal wurin horo da bindigoginta. Ita ta ce an wulakanta ta ko da ya ke tana da takardu, masu jirgin suka ce ƙa'ida su ke bi. Ko ma wane ne mai gaskiya, ba a bar ta ta hau ba sai da Ministan Wasanni na ƙasa, Kiren Rijiju, ya sa baki. Mutane suka yi ta yabon Minista. Mu kuwa abin da ya zo mana a rai shi ne, wanda bai da Ministan da zai ji kukansa fa? Ƙasar da sai babba ya ɗaga waya kafin takarda ta yi aiki, talakanta ya shiga uku.

RANAR FAƊUWA

Annobar korona ta sa aka ɗaga Wasannin Olimfik na Tokiyo daga 2020 zuwa 2021. Manu ta tafi tana da shekara 19, an sa ta a gasa uku, duk ƙasa ta ɗora mata buri. Kafin tafiya kuwa ta riga ta ɓata da malaminta Jaspal Rana, wanda shi ma tsohon gwani ne, ya ci zinariya 3 a Wasannin Asiya na 2006 a Doha. Ran 25 ga Yuli, tana tsakiyar zagayen farko, wani ƙarfe ya karye a jikin bindigarta. Kafin a gyara kusan minti 20 sun tafi, agogo kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Ta komo ta harba sauran cikin gaggawa, ta tashi da maki 575, ta zo ta 12. Maki 2 ne suka raba ta da shiga zagayen ƙarshe. Sauran gasa biyun ma ba ta sami kome ba. Indiya ta kai maharba 15 Tokiyo, ba wanda ya komo da lamba ko ɗaya, kamar yadda aka yi a Riyo a 2016.

Sai zargi ya tashi. Shugabannin ƙungiyar harbi suka ɗora laifi a kan tsohon malamin, masu goyon malamin suka ɗora a kan shugabanni, 'yan gari suka yi ta yi wa yarinya ba'a, wai ta cika surutu, wai an kumbura mata kai. Waɗanda suka yi rububin hoto da ita a 2018 ko ƙeyarsu ba a gani ba. Ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa har ta yi tunanin ajiye bindiga ta kama karatu, domin wasan ya fita daga ranta.

A 2023 ta yi abin da manya da yawa ba su iya yi. Ta ajiye girman kai, ta kira malamin nan da suka ɓata, shi ma ya ajiye nasa, suka koma aiki. Ƙungiyar harbi ita ma ta koyi wani abu daga kunyar Tokiyo. A 2024 aka yi gwaji huɗu, biyu a Delhi biyu a Bhopal, aka ce maki ne zai zaɓi wanda zai tafi Paris. Manu ta fito a gasa uku.

RANAR NASARA

A garin Chateauroux na ƙasar Faransa aka yi harbin wasannin 2024. Da ya ke Jaspal Rana ba ya cikin malaman da ƙungiya ta naɗa, a cikin 'yan kallo ya zauna. Ran 28 ga Yuli Manu ta ci lambar tagulla da maki 221.7, a bayan 'yan Koriya ta Kudu biyu, Oh Ye-jin da Kim Ye-ji, kashi ɗaya cikin goma na maki guda ne ya fid da ita daga neman azurfa. Ita ce mace ta farko da ta ciyo wa Indiya lambar Olimfik a harbi, kuma rabon ƙasar da lamba a harbi tun 2012. Ran 30 ga Yuli ita da wani saurayi, Sarabjot Singh, suka doke Koriya 16 da 10 a gasar mace da namiji, suka ɗauki wata tagullar. Tun da Indiya ta sami mulkin kai a 1947 ba a taɓa samun wanda ya ci lamba biyu a zama ɗaya ba sai ita. Ran 3 ga Agusta, a harbin mita 25, ta yi kunnen doki da Veronika Major ta ƙasar Hangari, aka yi raba gardama, ta zo ta huɗu. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 1,400 ta komo da lamba 6, biyu daga ciki da hannun 'yar ƙauyen Goriya.

Sai ga su sun dawo. Firayim Minista Narendra Modi ya buga mata waya, aka ba ta tutar ƙasa ta riƙe ran rufe wasanni, aka tarye ta da furanni da ganguna, ko wane mai kujera yana neman inda zai tsaya kusa da ita. Duk da haka, a watan Disamba na 2024 jaridu suka ba da labari cewa ba sunanta cikin waɗanda aka tsara za a ba babbar lambar wasanni ta ƙasa, wadda su ke kira Khel Ratna. Jami'ai suka ce ai ba ta cika takardar nema ba. Ita kuma, don a faɗi gaskiya, ta ce mai yiwuwa kuskuren daga wajenta ne. Ubanta ya fusata har ya ce ya yi da-na-sanin sa ta harbi. Amma jama'a suka yi tambayar da ta dace: wanda duniya duka ta ga aikinsa, sai ya cika takarda ya roƙa kafin a san da shi? Da surutu ya yi yawa aka sa sunanta, Shugabar Ƙasa Droupadi Murmu ta miƙa mata lambar ran 17 ga Janairu, 2025.

ABIN DA MUKA GANI A CIKI

Wani mai kare masu mulki zai ce, ai Gwamnatin Indiya ta kashe kuɗi a kan horon yarinyar nan, ta kai ta ƙasashe, ta biya mata kayan aiki. Haka ne, ba mu musa ba, kuma abu ne mai kyau. Amma kuɗin wa? Minista bai sayar da gonar ubansa ya biya ba. Harajin manomin Haryana ne da na mai shago a Delhi. In ma'aji ya fid da kuɗin jama'a ya yi wa jama'a aiki, ya yi abin da aka ɗauke shi dominsa, a ce masa madalla, amma bai sayi bakin kowa da wannan ba.

Na biyu, mun ce ku riƙe maganar uban. Rupi 150,000 ya fid da daga aljihunsa kafin wata hukuma ta san da 'yarsa. Abhinav Bindra, wanda ya ciyo wa Indiya zinariya a harbi a Beijing a 2008, ubansa attajiri ne, a cikin gida ya gina masa wurin koyo. Ba mu rage musu kome ba, sun sha wuya, kuɗi ba ya harba wa mutum goma. Amma 'ya'yan masu faskare nawa ne a Haryana Allah ya ba su ido da natsuwa irin na Manu, suka tsufa ba su taɓa ganin ƙofar wurin koyo ba? Gwamnatin da ke jira sai mai hali ya rena gwani da kuɗinsa, sa'an nan ta zo da kyautar miliyoyi da masu ɗaukar hoto, girbi ta ke yi inda ba ta yi shuka ba. Rabin kyautar nan da an kashe shi a makarantun ƙauye tun da fari, da ba a san yawan gwanayen da za a samu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, na'urar nan mai ƙidayar maki ba ta san 'yar wane ba ce, ba ta san mace ko namiji ba, ba ta karɓar gaisuwa. In ƙwaya ta sauka a goma ta ce goma, in a takwas ta ce takwas, kowa na gani. Da aka bar wannan ma'auni ya yi zaɓe, sai ga lamba. Abin da jam'iyyarmu ke nema ke nan a wajen rabon rumfuna, da ɗaukar aiki, da ba da gurbin makaranta, da ƙidayar ƙuri'a: ma'auni ɗaya, a fili, gaban kowa.

Na huɗu na iyaye ne. A jihar da a ke baƙin ciki da haihuwar mace, wani uba ya saurari 'yarsa 'yar shekara 14, ya ɗauki maganarta da nauyi. Yau ba don ita ba, wa ya san sunan ƙauyensu? Mu nan Arewa sai a zaɓen 1979 matanmu suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Wanda ya cire 'yarsa daga makaranta ya ce mace ba ta da amfani, ya sani masu mulki ya yi wa aiki, domin ya rage musu baki ɗaya mai tambaya.

MU DUBA GIDA

Kada mu yi wa Indiya dariya, gemunmu ma ya kama wuta. Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta ciyo wa Nijeriya zinariya a dogon tsalle a Atlanta a 1996, sai a 2021 Gwamnatin Jihar Legas ta ba ta gida, bayan shekara 25. A Tokiyo aka hana 'yan wasanmu 10 shiga fili domin ba a yi musu gwaje-gwajen da doka ta ce a yi ba. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma ta yi wa Amurka wasa, ta ci azurfa a Paris. A Paris ɗin kuma Favour Ofili ta cancanci gudun mita 100, aka tarar jami'ai ba su shigar da sunanta ba. Nijeriya ta komo daga wasannin 2024 ba lamba ko ɗaya. In haka a ke yi wa waɗanda duniya ke kallo, me ku ke tsammani a ke yi wa alkawarin rijiya, da na magudanar ruwa a kasuwa, da na rumfunan da aka ce za a sake ginawa bayan gobara?

Mu da mu ke riƙe da littattafan jam'iyya mun san abu guda: abin da ba a rubuta ba, mai ƙarfi ne ke faɗin yadda aka yi. Abin da ya ba yarinyar nan ƙarfi ran da ta tambayi Minista shi ne ta ajiye maganarsa yadda ya yi ta, ba ta ƙara ba ta rage ba. Bai iya cewa bai faɗa ba, sai dai ya yi faɗa.

Saboda haka muna roƙon ko wane reshe, da ko wace ƙungiyar 'yan kasuwa, maza da mata, a sayi littafi guda a ba magatakarda. Duk wani mai neman kujera ko mai riƙe da ita da ya zo ya yi alkawari, a rubuta sunansa, da abin da ya ce, da ranar, da wurin, da shaidun da suka ji. Ko da ɗan jam'iyyarmu ne a rubuta, shi ma bai fi ƙarfin littafi ba, in kuwa muka ɓoye nasa ba mu da bakin tambayar na wasu. Ran da ya komo, a ba shi wurin zama, a ba shi ruwa, sa'an nan a buɗe littafi a karanta masa a gaban jama'a. Ba zagi, ba jifa, kada a ba 'yan sanda hanyar kama kowa. A tambaye shi da ladabi yadda 'yar shekara 16 ta tambayi nata Ministan: ranka ya daɗe, maganar nan gaskiya ce, ko jumla ce? In ya yi fushi, fushinsa ma a rubuta, da kwanan wata.

Allah ya ba talaka sawaba. Amin.